Rawanin da Kika Ɗinke a Kan Kuza

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika hore ni, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Gida lafiya lau. Baba yana nan, ƙafa ce kawai ta yi masa nauyi. Sana'ar kifi ta dawo hannuna, ni nake ɗauko shi daga dam ɗin Jabal Awliya zuwa kasuwar Omdurman a kan babur, ta hanyar da kika sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Inna, kasha, samamen nan na hukuma, ce ta sake tashi. Askarawan hanya sun tare bakin gada, duk mai babur da ba shi da kuza, hular kwanon nan, sai a zare masa mabuɗi. Abokan sana'a sun cika bakin ruwa da mita, wai kowa da kansa, ina ruwan gwamnati. In na ji su sai dariya ta kama ni, don na san a gidanmu aka fara wannan waƙa. Sannan akwai abin da ya faru ranar da kika rufe ido, wanda ban taɓa faɗa miki ba.

Kin fi ni sanin rawanin Baba, amma bari in faɗa don waɗanda za su karanta tare da ke. Kakanninmu a ƙasa suka taso daga ƙasar Hausa, niyyarsu Makka. Mai irin wannan tafiya bai san inda kwanansa zai ƙare ba, shi ya sa yake yin rawaninsa da faɗi da tsawo, don in ya faɗi a daji abokan tafiya su warware su yi masa likkafani da shi. Kaka ya shekara da shekaru yana tsinkar auduga a Jazira kafin Allah Ya kai shi. Da ya je sai ya sayi farin yadi, ya wanke shi da zamzam, ya kawo wa Baba. Baba ba ya naɗa shi don biki ko don Idi. Na hanya ne, kuma shi kullum yana kan hanya.

Sai ga dokar kuza. Ita kuwa ba ta shiga a kan rawani, dole a sauke ɗaya a ɗora ɗaya. Kin tuna yadda yake faɗa a tsakar gida, yana goge babur kamar da shi yake rigimar: "Sun faɗa mana lokacin shiga gida, sun faɗa wa mata abin da za su yafa, yanzu kuma sun hau kaina? Kaina nawa ne, halas!" Sau biyu ana ƙwace babur ɗin, kifi yana ruɓewa a rana. Bai saduda ba, sai ya koma bin lunguna. Samari kuma suka sayi kuzar suna ratayawa a gwiwar hannu, sai ka ce a can ƙwaƙwalwar take.

Ni na ɗauka bayansa za ki bi. Wa ya kai ki sanin kasha? Ke da kike sayar da shayi a gindin bishiya kusa da tashar mota, aka kwashe miki butoci da kujeru har sau uku. Na taɓa ganinki kina gudu da murhun gawayi yana ci a hannunki. Ba ki taɓa yi wa soja addu'ar alheri a gabana ba. Kuma kin bi bayan nasa, amma rabi. Kina zuba masa shayi, ko ɗaga kai ba ki yi ba, kika ce: "Gaskiyarka, Malam, ba su da komai a kanka. Kai naka ne. Amma takaba tawa ce."

Shayin ma har ya huce bai sha ba.

Ranar Juma'a, da ya tafi masallaci da 'yar hularsa, kika fito da kuza daga ƙarƙashin gado, ashe kin saya kin ɓoye. Kika miƙa hannu kika sauko da rawanin daga ƙusa. A gidan nan kuwa babu mai taɓa wannan yadi. Ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin, na laɓe a bakin ƙofa ina kallo. Kika kifa kuzar a gwiwarki kina naɗa mata rawani, zagaye bayan zagaye, kina bi da allura da farin zare, har baƙinta ya ɓace gaba ɗaya.

Da ya dawo ya daɗe tsaye yana kallon kuzar. Can ya ɗauka ya ɗora, kansa ya koma kamar tulu. Ni na fara tuntsirewa da dariya, na kuwa sha ranƙwashi. Sai ya ɗaga yatsa ya ce: "A shaida, ban sa don gwamnati ba. Don Hauwa na sa."

Washegari askari ya tsayar da shi a bakin gada, ya ga rawani, ya miƙo hannu zai zare mabuɗi. Baba bai yi musu ba, sunkuyar da kai kawai ya yi yana nuna masa da yatsa. Askari ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙwas-ƙwas. Ya kira 'yan uwansa, kowa ya zo ya ƙwanƙwasa kan mijinki suna dariya. Daga ranar sunansa ya koma Abu Gubba, mai ƙubba a ka, tun daga bakin dam har kasuwa. Yana nuna kamar yana jin haushi, amma in an kira shi amsawa yake yi.

Ga ra'ayina kan dokar, tunda ke ba a ɓoye miki. Har gobe ba na son a tare ni da sanda a ce in kula da kaina. Wanda ya kwashe miki butoci ba zai zo ya ce tausayina yake ji in yarda ba. Amma ina sa kuza, ko da kasha ko babu. In abokai suka dame ni da gardama, ba na ce musu su bi doka, tambayarsu kawai nake wa zai zauna musu takaba.

Ni dai na ga abin da ba su gani ba. Da damina ne, da hantsi, a hanyar Jabal. Jaki da amalanke ya faɗo titi, Baba ya kauce, taya ta zame, kansa ya daki dutsen gefen kwalta. Waɗanda suka gani sun ce ƙarar kamar an fasa itace. Kifi ya watsu a titi, mutane suka ɗauki salati, har wata mata ta cire mayafinta za ta rufe shi. Sai kawai ya tashi zaune yana tambayar kifinsa.

Ƙashin kafaɗa ne kaɗai ya karye. Da aka dawo da shi daga asibiti da la'asar, kika zauna a tabarma da kuzar a gabanki. Daga waje lafiya ƙalau take, ƙura ce kawai a jikin rawanin. Kika tsinke ɗinkin kina warwarewa a hankali. Zagaye na ƙarshe yana sauka, kuzar ta rabe gida biyu ta faɗi a tabarma kamar fasasshiyar ƙwarya.

Inna, har yanzu ina tuna wannan rana. Yadin da aka wanke da zamzam don ranar mutuwarsa, shi ne ya riƙe abin da ya tare masa mutuwar. Na san kwana ne bai ƙare ba, na yarda. Amma dubi inda Allah Ya bi da ikonSa: ta allurar mai shayi. Ke "Subhanallahi" kawai kika ce, kika kwashi yadin kika nufi wanki. Ranar na fara ganin hawayen Baba. Da ya warke kika sayo wata kuzar, kika sake ɗinkewa, ko tari bai yi ba.

To ga abin da ba ki sani ba.

Kin yi ta tsoron takaba, sai ga shi ke kika riga shi. Safiyar da zazzaɓi ya tafi da ke, Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, tana ɗaki da mata suna yi miki wanka. Baba ya kira ni bayan gida. Na tarar da shi da reza a hannu yana tsinke ɗinkinki ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi yarda in taya shi. Ya ninke rawanin ya ɗora mini a hannu biyu, ya ce: "Kai wa gwaggonka. Hauwa ta rufe mini kai ina da rai, yau ni zan rufe mata."

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi karɓa, ta san ko na wane ne, ta san kuma don me aka ajiye shi. Baba ya ɗago murya daga tsakar gida ya ce shi kowane yadi ya ishe shi. Sai ta karɓa. Mayafin da ke kanki a inda kike kwance, Inna, shi ne. Ramukan allurarki suna nan a jikinsa, na gan su da idona kafin in miƙa.

Bai sake naɗa rawani ba. Ya ci gaba da hawa da baƙar kuza tsirara, ba mai tilasta shi, har ranar da ya miƙa mini mabuɗi.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka makwancinki, Ya lulluɓe ki da rahamarSa kamar yadda kika lulluɓe mu. Ya ba Baba haƙuri, Ya sada ku a inda babu mai tare hanya. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Isma'ila, ɗan Abu Gubba