Kashin Shanun Surukina

Zuwa ga Yaya Thozama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a Cape Town. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan Tsomo lafiya lau, maigidana Mzwandile ya koma bakin aiki, tarin Mama ma ya lafa.

Yaya, kin san rabin 'yan ajina ba sa samun darasin farko, suna can suna yi wa kicin ɗin makaranta itace. To, wata ƙungiya ta kawo mana tankin da ke mai da kashin shanu iskar gas ta girki, da sharaɗin in ba mu kunna shi kafin hutu ba, za a kai wa wata makarantar. Shanun da suka rage da yawa a garin nan kuwa na surukina ne. Da na aika Mzwandile ya roƙa mana kashinsu, tsohon ya ce a shingen shanun nan yake magana da kakanninsa da suka rasu, ba za a kankare ƙasarsa a zuba wa ƙarfen Turawa ba. Ni kuma matar ɗa ce, ko ƙafa ba ni da ikon sakawa ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce mai nema yana tare da samu.

Sai na bar batun tanki, na roƙi tsohon ya zo ya koya wa yara yadda aka yi girki a da. Kin san shi da son a saurare shi. Ya zo da sandarsa, ya ba su labarin yadda mahaifiyarsa ke tara kandilo tana dafa masara da wake, ba ta taɓa sare itace ɗanye ba. Wata yarinya, Lithemba, ta ce ashe wutar kaka da ta tankinmu uwarsu ɗaya, saniya. Ya harare ta, ya ce bakinta ya fi ta girma, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Shingen dai har yau bai yarda a taɓa ba, kuma na daina roƙo. Amma yanzu kullum da safe, in ya fito da shanun, sai ya tsare su a bakin ƙofa ta waje, ya daɗe a tsaye, wai gwiwarsa ce ke ciwo. Abin da suka zubar a nan ba na kakanni ba ne, yara na kwashewa da bokiti. Jiya na durƙusa zan yi godiya, ya ce, "Tashi, 'yata, ni ban ba ki komai ba. Shanu ne ba su da kunya."

Tankin ya kai rabi. Ko da hannuna ne zan cika shi kafin hutu, 'yan ajina kuma za su zauna darasin farko.

Ki gaida maigidanki Bhuti Sandile, da Anelisa, da ƙaramin mai ƙiriniya.

Ƙanwarki,
Nolusapho