Na Auna Ƙarfen Aikin Yayana, Yanzu Na Kasa Zama

Anti, don Allah ki ba ni shawara, hankalina ya ƙi kwanciya.

Ina aiki a ɗakin gwajin kayan asibiti. Muna ɗora kayan aiki a kan wani faifai mai jin matsi, wayoyinsa a haɗe da kwamfuta, ita kuma ta zana mana ƙarfin kowane bugu a allo. Yayana kuwa, wanda ya riƙe ni tun bayan rasuwar babanmu, gyaran ƙashin baya yake yi. Yana da wani ƙarfe mai kama da babban sirinji, kansa na roba, cikinsa sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke sakin bugun. Yakan ɗora shi a gadon bayan mutum ya danna, sai ka ji ƙas. Malaminsa ne ya bar masa, har fentin mariƙin ya goge.

Shi ya kawo mini da kansa, cikin raha, wai in auna masa ya ga ko karatun da ya sa ni ya yi rana. Na auna. Anti, ko da an saita shi a kan bugu mafi sauƙi, wani bugun kamar shafar auduga, na biye da shi kuwa layin ya yi tsalle har ya kusa fita daga allo. Na ɗauka laifin faifan ne, na canza. Na kira abokiyar aikina ta danna. Duk kanwar ja ce. Sifirin ɗin ya gaji, yana sarƙewa.

Da na gaya wa Yaya sai ya yi dariya, ya ce kwamfuta ba ta taɓa shafa bayan mutum ba, shi hannunsa ne ma'auninsa. Da na nace, fuskarsa ta canza, ya ce ashe ya reni mai bincikensa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mama. Likita ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni saboda shekaru, amma duk mako tana kwanciya a gadon aikinsa ya danna mata ƙarfen, ta tashi tana sa masa albarka. Na yi mata magana, ta ce kada in shiga tsakaninta da ɗanta. Shekaran jiya na je shagonsa, ina zaune a benci tare da masu jira, ina jin ƙas, ƙas daga bayan labule. Ƙarfen na kan tebur lokacin da ya fita wanke hannu, wallahi saura kaɗan in jefa shi a jaka. Ko in kai ƙara hukumar da ke ba su lasisi? Ko ni ce nake zuzuta abin, tunda har yau ba wanda ya karye? A wurin aiki ina tashi ina zama, abinci ma a tsaye nake ci.

Ƙanwa mai zullumi

*

Ƙanwata,

Da farko, ki cire hannunki daga jakar nan. Kika ɗauke ƙarfen, zancen ya tashi daga sifirin ya koma sata, kuma ke za ki yi asara.

Yayanki yana da ɗan gaskiya. Faifanki ƙarfe ya auna, bai auna gwanintarsa ba, kuma bayan mutum ba faifai ba ne. Amma ya yi kuskure babba. Hannu yana sanin inda za a ɗora, ba ya sanin abin da sifirin zai saki bayan an danna. Cewa ba wanda ya karye tukuna sa'a ce, ba hujja ba.

Ina zaton a kunnensa abin da kika faɗa ya zama "ba ka iya ba". Ki koma masa ku biyu, ba gaban Mama ko masu jira ba. Ki roƙe shi ya zo ɗakin gwajin, ya danna da hannunsa, idonsa a kan allo. Ki aro sabo a ajiye kusa, ya gwada duka biyun. Namiji irinsa ya fi yarda da abin da ya gano da kansa. Ki tuna masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ƙarfen malaminsa yana iya komawa kan kanta cikin daraja.

Maganar Mama ba ta jira. A wannan makon ki raka ta wurin likitanta, ki faɗi abin da ake yi mata, shi ya yanke hukunci. Daga bakinsa za ta ji abin da ta ƙi ji daga naki.

Hukuma ita ce ƙofar ƙarshe. Idan ya gani da idonsa ya ci gaba da ɗora wa mutane, ki gaya masa kai tsaye cewa za ki je, sannan ki je. Fushinsa zai wuce, ƙashin tsohuwa kuwa ba ya ɗoruwa da sauƙi.

Allah ya tausasa zuciyarsa, ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya sanyaya miki rai.

Antinku