Da Ya Rubuta Waƙafi

Ƙofar Kware, Sakkwato
Rajab, 1417

Zuwa ga yayana Malami,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Ya ciwon ƙafa? Allah shi ƙara sauƙi.

Yaya, zancen maigidana Muntari ne. Ka san manhajar da ya rubuta, wadda masu haɗa shirin kwamfuta ke sawa cikin nasu aikin don ta fitar musu da ajami. A faifai yake rabonta, a samanta ya rubuta cewa kyauta ce, kowa ya yi yadda ya so da ita. Cibiyar da ke tallafa masa tun kuɗin mai na yawo ta rufe. Kowa sai ya turo a yi masa gyara, ba mai kawo ko man janareta. Sai dai godiya. To, a gaya mini in godiya na cika tukunya!

Yanzu wani ɗan kwangila, Sodangi, mai ɗaurin gindi wajen sojoji, ya ɗauke ta, ya sake mata suna, ya kulle, yana sayarwa. Don Allah ka duba mana littafi, ko a shari'a ana iya karɓo ta. Ita ce duk abin da bawan Allah wanga ya tara a duniya.

Ƙanwarka,
Atika

Ƙofar Kware
Shawwal, 1417

Yaya Malami,

Ina gaisuwa, an sha ruwa lafiya? A gaida mutan gida.

Amsarka ta iso. Ka ce da waƙafi ya rubuta, a amfana, a ƙara, a bar wa na baya, da ba mai ikon mallakarta; kyauta kuwa in an karɓa ta zama ta mai karɓa. Kalma guda, Yaya! Muntari ya ce masu wannan sana'a ma sharaɗi iri biyu gare su haka, na waƙafi da na kyauta, shi ya zaɓi mai sauƙin don kada ya takura wa kowa. Ya gyara a sabon faifai, amma bakin alƙalami ya bushe, jama'a sun koma wajen Sodangi.

Hatsi ya ƙare, yara sun rame. Sodangi ya aiko yana neman mai gyara, bisa sharaɗin a daina rabo. Ni na ce ya je, kuma raina a ɓace yake har yanzu.

Jiya ya fara. Ya dawo bai taɓa tuwo ba. Aikin farko da suka ba shi, ya goge sunansa daga saman manhajar.

Ka sa shi a addu'a.

Taka,
Atika