Baburin Tuva

Lahadi, 2 ga Afrilu

Tuva ta zo cin abincin rana, sai da ta bari na cika baki da dankali sannan ta saki maganar. Wai ta samu aikin jinya a Kiruna, farkon Yuni za ta fara. Wai kuma a kan babur za ta tafi. Ashe tun kaka ta yi lasin, uwarta ta sani, ni kaɗai ne baƙo a gidana.

Na hannu take so, kuma ni za ta ɗauka in duba mata. Ni da na tsufa ina tuƙa motar asibiti, na san abin da nake kwasowa a titi duk bazara. Na buɗe baki zan faɗa, matata Majvor ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ce to.

'Yata ɗaya ke nan. Kiruna kuwa can arewa, ƙarshen duniya.

Asabar, 8 ga Afrilu

Mun je Arvika duba babur. Wani saurayi mai yawan murmushi ya tare mu tun a bakin ƙofa, wai kofi ya riga ya dahu. Ba a ƙin kofin mutum, muka shiga, har da burodin kirfa. Ana cikin hira ya ce zai leƙa karensa.

Da muka fita gareji na ɗora bayan hannuna a jikin injin. Ɗumi kamar sabon burodi. Babur da ya kwana tun Oktoba, ga ƙanƙara ba ta gama narkewa a bakin hanya ba! Ya tashe shi ne muna ciki, don kada mu ji irin tarin da yake yi da sanyi. Na yi masa godiyar kofi, na ce a gaida kare.

A mota Tuva ta yi ta dariya, ta ce shi ya sa ta zo da ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Har yanzu ba su share tsakuwar da suka watsa a titi lokacin sanyi ba. Duk kwanar titi sai ka ga ta taru. Na nuna wa Majvor, ta ce ita ba babur za ta saya ba.

Asabar, 15 ga Afrilu

Biyu muka gani yau.

Na Torsby ba sai an wahala ba. Mai na tsatsafowa daga shakazobar gaba, sarƙa ta saki, haƙoran da take hawa sun lanƙwashe. Bakin hannun hagu a gurje, madubin ɓangaren sabo fil, mai shi kuma yana rantsuwa bai taɓa faɗuwa ba. Na sa Tuva ta tsuguna ta gani da idonta. Tana da ido, yarinyar, ita ta gano fentin tankin kala biyu ne.

Na biyun, na wani malamin makaranta a Sunne. Inji da sanyinsa, bugu ɗaya ya tashi. Baƙin mai tas, birki garau, takardu cif. Na zagaya shi, na sake zagayawa. Na ce akwai wata ƙara da ban yarda da ita ba.

Tuva ta ce ba ta ji ba. Malamin ma bai ji ba.

A gida Majvor ta ce, "Tsohon nan, kai da sai na yi kira uku kafin ka amsa, yau kunnenka ya fi na kowa?"

Akwai ƙarar. Ina jin akwai.

Laraba, 19 ga Afrilu

An sayar da na malamin. Tuva ta bugo ta faɗa mini, muryarta a sanyaye, gara ma ta yi faɗa. Ta ce akwai wani a Gräsmark ranar Asabar, daga shi ba za ta sake wahalar da ni ba, za ta zaɓa da kanta.

"Baba, ko da kai ko ba kai zan hau. Na fi so in hau wanda hannunka ya taɓa."

Na ce ruwan shayina na tafasa. Ban ma ɗora ba.

Asabar, 22 ga Afrilu

Wata dattijuwa ce, Gunvor, mijinta ya rasu shekaranjiya waccan a lissafinta, a namu kuwa sanyi biyu ke nan. Kofi tukuna, ba makawa. Amma ita ta ajiye mukullin rumbun a tsakiyar tebur kusa da sukari, ta ce tun ranar da mijinta Evert ya rufe ba wanda ya shiga, mu za mu tashe shi. Ban taɓa shan kofin ciniki hankalina kwance haka ba.

Yana can bayan tsohuwar tarakta, an lulluɓe shi da bargo. Baƙi, bai cika girma ba, daidai ƙafar Tuva.

Laifuffuka kam akwai, na gaske kuwa. Batir ya mutu. Tayoyin zanensu bai ci ba amma robar ta bushe ta tsattsage. Marigayin ya bar tanki rabi, yadda masu sa ran fitowa nan da mako suke yi, tsatsa ta kama sama-sama, fetur ɗin ya yi tsami. Da na buɗe matatar iska sai ga gidan ɓeraye, da ciyawa da ɓawon hatsi, har da guntun bargon. Gunvor ta rufe baki tana dariya tana hawaye, ta ce Evert ya yi shekaru yana yaƙi da su, ashe su suka gaje shi.

Duk wanda na ɗauka a ciki ya isa in ce a'a, ba mai cewa na yi ƙarya. Tuva ma ta sani. Ta koma gefe ta sa hannu a aljihu, ba ta ko kalle ni ba.

Sai dai ƙashin babur ɗin a miƙe yake, ba walda, ba lanƙwasa. Kan yana juyawa sumul. Ƙusoshin ba wanda aka ci wa kai, alamar mai shi ba ya gyara cikin fushi. Duk abin da ya lalace, zama ne ya lalata shi.

Na ce a kawo tirela.

Tuva ta ce, "Me ka ce?" Na ce ai ba ni ne kurman gidan ba ashe.

Alhamis, 4 ga Mayu

Na wanke tanki. Sababbin tayoyi sun iso. Majvor ta ce gidan duk warin fetur, kuma wai ta ji ina fito. Ban yi ba.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ya tashi. Tuva ce ta danna, ni ina riƙe da tsumma kamar sakarai. Ya yi tari, ya tofar da sauran ciyawa ta salansa, sannan ya daidaita.

Na sa ta cire tayar baya ta mayar da hannunta, sai da ta yi sau da yawa. Can arewa ba ni a kusa. Ta shafa baƙin mai a goshi, kamar ranar da ta fara gyara kekenta. Na fita waje na ɗan tsaya.

Alhamis, 1 ga Yuni

Jibi za ta tafi.

Da yamma na ce boris ɗin tayar baya ba a jin lafiyarsa sai da nauyi a kai, kuma sai mutum yana zaune daidai samansa. Majvor ta kalle ni, ta tafi ta ɗauko tsohuwar hular kwanona.

Ban taɓa zama a bayan kowa ba. Na rasa inda zan sa hannuwana, Tuva ta jawo su ta ɗora a ƙugunta, ta ce in riƙe da kyau, kuma kada in koya mata tuƙi.

Muka bi gefen tafki. Tana rage gudu tun kafin kwana, tana duban nesa, ba ta yarda da kowace mota ba. Wajen gonar dawakai wani ya fito ba duba, ashe ta riga ni ganinsa. Ni, ta riga ni.

Da muka tsaya a ƙofar gida ta ɗaga gilashin hularta ta ce, "Yaya boris, Baba?"

Lafiyarsa ƙalau. Tun kafin mu fita na sani, sabo ne, ni na sa shi.

Na ce ban ji sosai ba, mu ƙara zagaye ɗaya.