Amsar Baba a Kaset Ɗin Tashar Nesa

Adelaide, Fabrairu 2016

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kuma zafin Broken Hill bai ƙarasa ki ba. Na san kin zare wayar gida daga bango don kada a dame ki, shi ya sa na ɗauki biro kamar mutanen da.

Maganar Alwyn Pask ce. Kada ki yamutsa fuska, ina hango ki daga nan. A watan Yuni zai cika tamanin da biyar. Yana wani gidan kula da tsofaffi a Hobart, idanunsa sun kusa mutuwa, kuma in ban da mu 'yan ƙungiyar masoya shirinsa babu wanda ya tuna shi ne Kwamanda Orrin na farko a shirin talabijin na 'yan sama jannati, Tashar Nesa. Matasan da ke zuwa taronmu kuwa, wanda ya gaje shi kawai suka sani, mai fararen haƙoran nan da aka kawo lokacin da talabijin ya koma mai kala.

Kin san gidan talabijin ya goge duk sassan da Alwyn ya fito, ya ɗora wasan ƙwallo a kan faya-fayan. Abin da ya rage a duniya shi ne muryar da mutane suka ɗauka a gidajensu. Mun bincika ƙasar nan kaf, babu mai shekara biyun da ya yi a shirin a jere sai mu. Ina nufin kaset-kaset ɗin da ke cikin kwalin takalma a saman kabad ɗin Mama.

Muna da wani mutum a ƙungiya, Trevor, shi ke kula da taskarmu. Ya ce zaren kaset in ya tsufa mannewa yake yi, sai an gasa shi a hankali a na'urar busar da 'ya'yan itace. Daga nan a juya shi, a kwashe muryar cikin kwamfuta, a wanke ta daga hayaniyar gida. Sai mu kai wa Alwyn ranar haihuwarsa. Yaya, Alwyn bai taɓa jin shirin ba. Lokacin da ake nunawa yana can gidan wasan kwaikwayo yana neman na abinci.

Don Allah ki aiko. Marlene na gaishe ki.

Ƙaninki,
Des

Broken Hill, Maris 2016

Des,

Ina amsa gaisuwa. Ina nan gwargwadon hali. Ka gai da Marlene, ka ce ina yi mata sannu da haƙurin zama da mai furfurar da har yanzu yake ɗinka rigar 'yan sama jannati.

Rabin rayuwata na yi a teburin gyaran labarai, ga abin da na koya: duk wanda ya ce zai wanke abu, zubar da wani abu zai yi, kuma ba shi ne zai yi kewarsa ba.

Bari in tuna maka abin da kake kira hayaniyar gida. Mama tana soya ƙodar rago, tana cewa, "Desmond, ɗauke wannan abu daga kan tebur kafin romo ya zube a kai." Kai kuma ka kafa makirfo a bakin talabijin kana yi wa kowa "shhh" kamar mai gadin coci. Sai tarin Baba. Sai ƙarshen shiri, Orrin ya zauna gaban rediyonsa shi kaɗai a can bayan taurari ya ce, "Nan Tashar Nesa. Gida, kuna ji na?" Sai su bar shiru kafin kiɗa. A cikin shirun nan Baba yake buga cokali a tebur, irin bugun da masu haƙar ma'adinai irinsa suke yi wa bututu a ƙarƙashin ƙasa, ya ce, "Muna ji, abokina. Riƙe nan."

Mama ta ce, "Stan, da akwati fa kake magana."

Ya ce, "Mutum ya yi kira, Beryl. A rami ba a barin kira babu amsa."

Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Kai kana Adelaide lokacin da ƙurar rami ta gama da huhunsa. Ni na yi jinyar, kuma yanzu in na nemi muryarsa a kaina, numfashin ƙarshen nan kawai nake samu. Ban taɓa kunna kaset-kaset ɗin ba don tsoron kada zaren ya tsinke. Sanin suna nan shi ne nawa rabon.

Duk da haka na saka kwalin a gidan waya yau. Ba don Kwamandanka kaɗai ba. Na gaji da gadin abin da ba na iya taɓawa. Sharaɗina ɗaya ne: kafin Trevor ya wanke komai, a kwafe mini yadda yake, da soye-soyen, da tarin, da cokalin. Ka karanta wannan jimlar sau biyu.

Yayarka,
Glenys

Adelaide, Afrilu 2016

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba, to zan fara da gaskiyar Trevor: kaset-kaset ɗin sau ɗaya suka juya. Kowanne yana wucewa ta na'ura yana zubar da jan garin da ke riƙe murya, ya fito fes kamar leda. Amma muryar ta shiga kwamfuta, duka.

Na faɗa masa sharaɗinki tun ranar da na kai kwalin. Ya ce to. Sai dai ƙungiyarmu tana da doka tun kafuwarta: abin da bai fito daga gidan talabijin ba, ba ya zama a taska. An yi ta ne saboda masu ƙara kiɗan kansu su ce na asali ne. Hannun Trevor ya saba. Yana gama wanke sashe, sai ya goge mai dattin, kamar yadda ya yi wa na kowa.

Da na je karɓa na ce, "Trevor, ina muryar ubana?"

Ya ce, "Au, mai buga cokalin nan? Des, ka san wahalar da na sha kafin in fitar da shi? Kusan kowane sashe sai ya hau kan kiɗan ƙarshe." Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in gode masa.

Mun kai kwamfutar wurin masu gyara. Sun ce an riga an ɗora wasu abubuwa a kan wurin. Abin da gidan talabijin ya yi wa Alwyn, wanda muka shekara arba'in muna tsine musu a kai, shi muka yi wa Baba.

Ba na neman ki ce komai. In kin ce ma, na cancanta.

Ƙaninki,
Des

Hobart, Yuli 2016

Zuwa ga Malama Glenys Trethewey,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwar shigowa ba sallama. Sunana Alwyn Pask. Rubutun na Mele ne, mai kula da mu a nan, domin ni yanzu takarda da bango duk ɗaya ne a idona. Ta ce in gaya miki duk inda kika ga magana ta miƙe, ita ta miƙar da ita.

Watan jiya wasu dattawa, har da ƙaninki, suka zo mini sanye da rigunan Orrin, suka jeru a bakin gado suka sara mini. Ɗaya ya tambaye ni dalilin da ƙofar tasha ta buɗe ta hagu a wani sashe, alhali kullum ta dama take buɗewa. Na ce kafinta ne ya bugu. Bai ji daɗi ba. Irin tambayoyin da nake amsawa ke nan tun kafin a haifi Mele, kuma ban raina ba. Mutanen kirki ne. Sun fi ni son Orrin nesa ba kusa ba.

Suka kunna mini kyautarsu. Na ji wani saurayi mai ji da kansa yana jan kalmomi kamar ana biyan sa da tsawonsu. Barci ya ɗan ɗauke ni. Na farka daidai wurin kiran. Sai shiru, tas, babu ko ƙura.

Malama, na san shirun nan. Tsohon sito ne na ulu muke ɗaukar shirin a ciki. Rediyon kwali ne, maɓallansa marafan kwalba da aka shafa wa fenti. In na yi kiran, darakta ya ce in zauna kada in motsa, masu kyamara suna duba agogo don motar ƙarshe. Ranar da suka sallame ni, wani yaro mai laktaye ya ce fuskata ba ta talabijin mai kala ba ce. Na tafi da yaƙinin cewa shekara biyu na yi ina kiran bango.

Ana cikin haka ƙaninki ya tashi ya fita. Mele ta same shi a baranda ya jingina kai da ƙarfe. Ta ce masa, "Kai, ɗan sama jannati, in kuka za ka yi shigo ciki, sanyi zai kama ka." Ya shigo ya faɗa mini duk abin da ya faru. Ya ce tun Afrilu ba ki amsa masa ba. Wannan tsakaninku ne, ba zan sa baki ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, ko da yake na san a wurinki ba ƙarami ba ne. Ya ce mahaifinku yakan amsa mini. Da na tambaye shi me yake cewa, bakinsa ya kasa. Ko za ki rubuto mini kalmomin yadda suke? Kada ki gyara su. Rana ta riga ta yi mini yamma, don haka in za ki amsa, kada ki jira bazara.

A dalilina aka rasa muryar mahaifinki, ban sani ba. Ki yi haƙuri.

Naki da girmamawa,
Alwyn Pask

Broken Hill, Agusta 2016

Malam Pask,

Na gode da wasiƙarka, ina kuma gai da Mele. Ka gaya mata waƙafinta duk a wurinsu suke, abin da ba kasafai nake faɗa wa kowa ba.

Ni ba masoyiyar shirinka ba ce. Kwanuka nake wankewa in ana yin sa. Ga abin da kunnena ya riƙe. Yakan buga cokali a tebur, ya ce, "Muna ji, abokina. Riƙe nan." Shi ke nan. Maƙwabta sun yi masa dariya a mashaya, ya ce su yi. Ya taɓa kwana a rami dutse ya rufe hanya, yana buga bututu, kuma abin da ya ce ya riƙe shi ba ruwa ba ne, ba fitila ba ce, bugun da ya dawo masa ne daga sama. Bai damu da taurarinku ba. Ya ce duk wanda ya rubuta shirin bai taɓa shiga rami ba, amma mai yin kiran ya san yadda ake jira.

Yanzu ga abin da Des bai sani ba. A aikin jarida na koyi kada in miƙa komai gaba ɗaya. Kafin in rufe kwalin na zare kaset ɗaya, na sashenka na ƙarshe. A makon ne jarida ta buga cewa an canja ka. Ranar, Baba ya buga cokali, ya yi magana mai tsawo, ba irin ta kullum ba. Famfo na zuba, ban ji ba. Na dai ga Mama ba ta tsokane shi ba, ta juya ta goge murhun da yake a goge.

Ga shi nan a gabana. Yanzu na san sau ɗaya zai juya, in ma bai tsinke ba. In na bar shi, ina da Baba a cikin kwali, ba na jin sa. In na kunna, ko in same shi ko in rasa shi duka. Wata uku ke nan ina kai shi kicin ina dawo da shi kabad. Na gaji ƙwarai, Malam Pask.

Abu ɗaya wasiƙarka ta nuna mini wanda ban taɓa lura da shi ba. Maganar nan ba ni aka yi wa ba. Kai aka yi wa.

Da girmamawa,
Glenys Trethewey

Broken Hill, Satumba 2016

Des,

Ina gaisuwa. Ban huce ba, kada ka yi zaton haka.

Akwai kaset ɗaya a hannuna, na ƙarshe. Ranar Asabar ta sama zan sauka Adelaide da motar safe, daga nan mu hau jirgi zuwa Hobart. Mele ta ce za ta zaunar da Malam Pask kusa da taga. Ka aro na'urar gasawar Trevor. Trevor kuwa ya zauna a gida.

Ka zo da rikoda, kai za ka riƙe makirfo a bakin sifika kamar da. Duk abin da ya shiga ya shiga, ko tari ne, ko kofin shayi, ko amsar tsohon.

In ka yi wa wani "shhh", a jirgi zan bar ka.

Yayarka,
Glenys