Gwangwani Na Uku

Zuwa ga Baban Rahila,

"Saratu, ranar da gwangwanin hagu ya ƙare, ranar za mu fara ɗaure kayan komawa gida." Haka ka ce, kana tsaye a kicin ɗinmu na nan Dubai da cokalin shayi a hannu. Na rubuta maka shi yadda ka faɗa ne don na san halinka. Da kana da rai, da ka ce ba haka kake nufi ba.

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Wata huɗu ke nan da muka binne ka a Wusasa, kuma ni ban taɓa yarda cewa matattu suna leƙa takardun masu rai ba. Amma shekara ashirin da shida ina faɗa maka abin da ke raina kana shan shayi, bakina bai saba da shiru ba tukuna.

Gida lafiya. Rahila ta gama hidimar ƙasa, tana koyarwa a makarantar da na bari. Inna tana fama da gwiwa, kullum sai ta tambayi yaushe zan dawo, kamar ni ce na kawo mu nan. Gininmu yana nan inda ka bar shi, a kan linta, awakin maƙwabta suna kwana a ɗakin da ka ce zai zama ɗakin littattafaina. Alhaji Sani na kasuwar Al Ras, wanda ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka kai gawarka gida, yana gaishe ka ta wurina, ko da yake bai ce haka ba. Har yanzu yana ba da labarin ranar da ka je shagonsa ya koya maka Sinanci, tunda shi yana zuwa ƙasar Sin saro kaya. Ya iya cewa kaya sun yi tsada, ya iya cewa a rage. Kai kuma ka tambaye shi yadda ake cewa gafara.

Ka tuna yadda abin ya fara? Ka dawo daga siton da kake aiki a Dubai Investments Park ka ce ka ga wani ɗan Sin yana karanta ƙaramin Littafi Mai Tsarki a bayan kwantena lokacin hutun rana, su biyar ne masu bi, ba mai koya musu, Turancinsu kuma bai wuce na lodin kaya ba. Ka ce za ka koyi harshensu. Kana da shekara hamsin da ɗaya. Na yi dariya har na zauna a kan buhun shinkafa. Na manta cewa kai ne mutumin da ya yi shekara biyu yana rako ni daga ajin mawaƙa zuwa ƙofar gidanmu kafin ya iya cewa yana sona. Ba ka da sauri, amma ba ka san bari ba.

Sai ka fara yanka kwalin sito kana yin katuna. A gaba ka zana harafinsu, a baya ka rubuta yadda ake faɗi da ma'anarsa da Hausa. Alheri, tuba, bangaskiya, makiyayi, alkawari. Ka samo gwangwanayen madarar gari biyu, na hagu na kalmomin da ba ka iya ba, na dama na waɗanda ka iya. Ka kafa doka cewa kati ba ya ƙetarewa sai ka faɗe shi daidai kwana uku a jere. Ni ce alƙali. Ina tuƙa tuwon semo da hannun dama, ina ɗaga maka kati da na hagu, kai kana rufe ido kana jan murya sama da ƙasa kamar mai gwajin waƙar Kirsimeti. Ka ce Bahaushe ba zai sha wahala da muryar Sinanci ba, tunda mu ma harshenmu yana hawa yana sauka. Ba ka ji kanka ba ne.

Ina kewar wannan kicin, Baban Rahila. Ina cikinsa yanzu, kuma ina kewarsa.

To ga abin da ban faɗa maka ba. Na yi maka maguɗi. Sau da yawa ka faɗi kalma ba daidai ba na ce daidai ne, na jefa ta dama. Wani lokaci in ka shiga wanka nakan ɗebi katuna daga hagu in zuba a dama ba tare da an tambaye ka ba. Gida nake so. Na gaji da lif, na gaji da garin da ba a jin ƙamshin ƙasa in ruwa ya sauka, na gaji da koyar da 'ya'yan mutane Turanci alhali tawa 'yar tana girma a waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ɗibar da nake yi, gwangwanin hagu bai taɓa raguwa ba.

Na biyu ya fi nauyi. Na iya katunan nan duka, na kuma fi ka iya su. Wanda yake riƙe da kati yana kallon bayansa shekara huɗu, me kake tsammani? Na ɓoye ne don na san ranar da ka gane, za ka ba ni ajin mata, shi ke nan mun zama 'yan nan.

Bayan na dawo daga jana'iza, Lin ta zo. Ka san ta, mai dafa wa ma'aikatan sito abinci, wadda kake shirya ta domin baftisma. Ta kawo kayan da ke akwatinka na wurin aiki: kofi, tabarau, da gwangwani na uku cike da sababbin katuna. A lokacin hutun rana kake yanka su, ka kawo su gida kaɗan-kaɗan a aljihu. Ina kwashewa kana zubawa. Yaushe ka yi niyyar mu tafi? Ko ba ka taɓa yi ba? Na zauna na zage ka da duk kalmar da na taɓa karantawa a littafi, sannan na tuna abin da ni ma na yi, sai fushin ya rasa inda zai tsaya.

Darasi goma sha biyu ka tsara wa Lin, ka tsaya a na bakwai. Faston 'yan Sin ya yarda zai yi mata baftisma ranar Ista in ta kammala, amma taronsu Lahadi ne, ita kuma Talata kaɗai take hutu. Sauran masu bi huɗun duk an mayar da su wani sito mai nisa. Talatar da ta biyo baya ta sake zuwa, ta zauna a kujerarka, ta buɗe littafinka a darasi na takwas. Na shirya zan nuna mata da hannu cewa ba na ji. Sai ta tambaye ni da Sinanci ko na ci abinci, na amsa kafin in kama bakina. Ashe ta daɗe da sani. Ta ce duk lokacin da kake koya musu a falo, takan hango ni a ƙofar kicin leɓena yana gyara maka.

Ta kuma faɗa mini wani abu da ban so ji ba. Ta ce akwai kalmomin da kake kakarewa a kansu a tsakiyar darasi, ka tsaya kana gumi kana neman su a sama, su kuma su jira ka, wani lokaci har shayinsu ya huce. Na tambaye ta waɗanne. Ta lissafa. Na san su ɗaya bayan ɗaya, domin ni na ƙetarar da su. Ka yafe mini wannan. Gwangwani na ukun nan kuma ban yafe maka ba tukuna, ina kan hanya.

Yanzu muna darasi na goma. Bayananka duk da Hausa ka rubuta su, saboda haka a duk garin nan ba wanda zai iya ɗaukar aikin sai ni, kuma ina zargin ka san da haka. Lin tana gyara mini murya, ni ina gyara mata tarihin sarakuna. Tana tambayoyin da suka fi naka wuya. Wancan makon ta kawo mini miyar kaza da citta, ta ce na rame.

Ga maganata ta ƙarshe. Na ba ka zuwa ranar Ista. Zan gama darasi biyun da suka rage, zan tsaya kusa da ruwa da tawul a hannu har Lin ta fito. Ranar Litinin zan kai wa makaranta takardar barin aiki. Kafin ruwan farko ya sauka ina Wusasa. Zan gaida Inna, in kori awakin nan, sannan in zo wurinka. 'Yan'uwanka za su biyo ni, ka san ba sa barin mutum shi kaɗai a maƙabarta. Sauran maganar da ke cikina ba ta kunnensu ba ce, saboda haka da Sinanci zan faɗa maka ita, a hankali, yadda za ka gane.

Ka huta lafiya, mai taurin kai.

Matarka, wadda ta riƙe maka kati,
Saratu