Rubutun da Ke Bayan Taswirar Baba

Birnin Ƙonni, bayan girbin 1991

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, amma babu wanda zan iya yi wa wannan magana sai kai.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a gonar Tsarnawa, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi. Ni ina nan ina koyarwa a lakwal, makarantar boko.

Baba, na buɗe adakarka. Na fito da taswirar nan ta duniya, mai da'ira biyu kamar faifai. Ka tuna yadda kake shimfiɗa ta a tabarma ranar salla, ka ce mu duba da ido, ban da hannu? Ka ce wani gwani ne a Faransa ya sassaƙa ta a kan tagulla tun kafin Shehu ya yi jihadi, aka buga a takarda, aka bi ta da launi da hannu. Har yau ana ganin inda ruwan kore ya zarce layi. A wajen ƙasarmu ba gari ko ɗaya, sai giwa. Muna dariya, kai ba ka yi.

Kullum cewa kake kumandan, Baturen mulki na zamanin Faransa, shi ne ya ba Kaka mahaifiyarka ita, ladan wankin da ta yi a gidansa. Na yarda shekara talatin. Amma wa ke biyan mai wanki da irin wannan abu? Kuma don me ba ka taɓa bari na juya ta ba, ni da ka sa a lakwal, ni kaɗai mai karanta Faransanci a gidan?

Na juya ta, Baba. Akwai rubutun alƙalami a baya, ya koɗe amma yana karantuwa. An rubuta cewa ta ɗan da za a haifa ce, don ya san inda ubansa ya tafi. Shekarar da ke ƙasa ita ce shekarar haihuwa da ke kan katin shaidarka.

Ka sani? Ko wani ya karanta maka ka yi shiru? Hasken fatarka da kake cewa gadon Fulani ne, na wane Bafulatani ne?

Abin da ya sa na taɓa adakar, wani Bature ne ya zo daga Malbaza watan jiya, Kawu Idi na gabansa. Wai tsofaffin taswirori yake tarawa, har ya faɗi sunan mai sassaƙar kafin ya ga komai. Wa ya gaya masa? Kawu ya rantse ba shi ba ne, amma bai dube ni ba. Na ce gara ta cinye ta. Baturen bai yi musu ba, fuskata kawai ya yi ta kallo, har sai da na ja mayafi. Mai neman takarda ba haka yake kallon mutum ba.

Ban gaya wa Inna ba. Ranar Juma'a zan je Illela wajen Gwaggo Tamu, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san Kaka tana budurwa. Ban san ko bakina zai iya tambayar ba. In ta ba ni amsa, to ni ma zan riƙe ta yadda ka riƙe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka.

Ɗiyarka, ko jikar wane ce ni,
Rabi